Matakalar da Duane Ya Ƙi Canzawa

Akwai wani mutum a nan garinmu na Dillon, sunansa Duane Hovland. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa gireda, yana gyara hanyoyin karkara. Tun yana aiki kowa ya san halinsa. In ka ce masa hanya ta karkace, sai ya ce idonka ne ya karkace.

Da ya yi ritaya sai ya sayi ɗakin tafiya, irin wanda ake ɗorawa a bayan akori-kura. Akwai gado, da ɗan murhu, da ɗan teburi, ƙofa kuma tana ta baya. Amma babu banɗaki a ciki. Duane ya ce banɗaki a cikin mota na ragwaye ne, tunda duk sansanin da mutum zai sauka akwai na jama'a.

Matarsa Arlene mace ce marar hayaniya. Shekara ashirin da takwas ta yi tana dafa wa yara abinci a makarantar firamare, kullum a tsaye a kan siminti, har gwiwarta ta hagu ta lalace. An yi mata aiki, amma gwiwar ba ta ƙara lanƙwasuwa yadda ya kamata ba.

Ɗakin ya zo da matakala ta alminiyam mai hawa huɗu, wadda ake naɗewa in za a tafi, a buɗe ta a rataya a bakin ƙofa in an sauka. Shekarar farko babu wata matsala. Arlene tana hawa tana sauka a hankali.

Sai Duane ya lura motar Gus, abokinsa na kamun kifi, ta fi tasa tsayi. Abin ya tsaya masa a rai. Ya kai motarsa aka ɗaga ta, aka sa mata manyan tayoyi, ya ƙara mata fitilu shida a goshi. Ƙofar ɗakin ta ƙara nisa da ƙasa da kusan taƙi guda.

Da aka rataya matakalar, ƙafarta ba ta kai ƙasa ba, tana lilo a iska. Duane ya ɗauko guntun gungumen itace ya tura mata a ƙasa, ya kakkaɓe hannunsa.

"Shi ke nan, an gama," in ji shi.

Arlene ta gwada sauka. Matakalar ta karkata, itacen ya motsa, ta yi maza ta riƙe bakin ƙofa da hannu biyu.

"Duane, wannan ta yi mini tsayi. Kuma babu abin da zan dafa. Ko za ka samo mai hawa biyar?"

"Ni ba da ita nake hawa ba? Kin ga na mutu? Tsoro ne kawai irin naku."



Bayan sati biyu Marlys, yayar Arlene, ta zo gidan. Marlys ta haura shekara saba'in, kuma tun rasuwar mijinta Lyle ita ke riƙe da shagonsa na walda a bayan gidansu. Ta tarar da Duane da Gus a tsakar gida suna yaba sababbin tayoyi.

"Ga sarauniyar walda ta iso," in ji Duane. "Gus, ɓoye makullanka, kada ta liƙe maka su."

Marlys ba ta kula shi ba. Ta wuce bayan motar, ta kama matakalar ta girgiza. Abin ya yi ƙara kamar tsohon gadon ƙarfe. Ta ciro tef daga aljihunta ta auna.

"Duane, wane maƙiyinka ne ya ba ka wannan shawara? Daga bakin ƙofa zuwa ƙasa inci arba'in da huɗu ne. Wannan matakala don talatin da shida aka yi ta. Gaɓoɓinta sun bushe, ba su taɓa ganin mai ba. Ga ƙusa ɗaya nan ta tsage. Kaushin da ke kan matakan ya cinye, in raɓa ta sauka sai santsi. Ka kawo mini motar gobe, in yi mata mai hawa biyar, mai faɗi, da ƙarfen dafawa."

Gus ya sunkuya ya duba ƙusar. Ganin haka ne ya harzuƙa Duane.

"Ke da kike liƙa ƙofar garken shanu, ke ce za ki koya mini mota? Shekara talatin da huɗu ina hawa gireda da ta ninka wannan tsayi!"

"Da gwiwarka kake hawa, ba da tata ba."

"To matata ce, kuma motata ce. Yanzu na gane abin da ya sa marigayi Lyle yake wuni a gona wajen shanu. Ko su ba su kai ki surutu ba."

Gus ya ce, "Kai, Duane, wannan ba magana ba ce."

Marlys ta naɗe tef ɗinta a hankali. Ta dubi ƙanwarta da ke tsaye a bakin ƙofar kicin, ta dubi Duane, ta shiga motarta ta tafi. Daga ranar ba ta ƙara taka gidan ba.

Bazara ta shigo, tafiye-tafiye suka fara. Sai Duane ya ga matarsa ta canza. A da ita ce ke fara sauka, ta shimfiɗa ƙyalle a teburi, ta je bakin kogi ta tsoma ƙafa. Yanzu in sun sauka sai ta zauna a ciki tana saƙa. Sau ɗaya take saukowa da safe, sau ɗaya da yamma, ta ja ƙafa zuwa banɗakin sansani ta dawo. Abinci ma a ciki take dafawa, ta miƙo masa ta ƙofa.

Sau biyu ta sake yi masa maganar matakalar. Na farko ya ce sai ya sami lokaci. Na biyu ya daka mata tsawa, ya ce yayarta ce ta zuga ta.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ya mayar da ita abin dariya. In mutane sun taru a bakin wuta ana gasa naman barewa, wani ya tambayi ina Arlene, sai ya nuna ɗakin da babban yatsa.

"Gimbiya tana bene. Ba ta sauko wa talakawa."

A yi dariya. Ita kuma tana ji daga ciki.

A watan Agusta suka tafi can saman kogi, su da Gus, da niyyar kwana biyar. Zafin shekarar ba a magana. In rana ta take, cikin ɗakin sai ya zama kamar tanda.

Ran kwana na huɗu da tsakar rana Duane ya dawo daga kogi da kifi uku a hannu. Ya ga ƙofa a rufe, babu ƙamshin girki. Ya buga jikin ɗakin da tafin hannu.

"Arlene! Mutum ya wuni a rana, ko dankali ba a dafa masa ba? Barci kike yi?"

Babu amsa. Ya hau yana mita, ya buɗe ƙofar.

Ya same ta kwance a ƙasa tsakanin teburi da murhu. Leɓunanta sun tsattsage, idanunta sun faɗa. Da ya ɗago kanta sai ta dube shi ba ta gane shi ba.

"Baba, an tashi daga coci?" in ji ta.

Mahaifinta kuwa ya shekara ashirin da rasuwa.

Duane ya ƙwala wa Gus kira. Suka ɗago ta zuwa bakin ƙofa. Duane ya taka matakin farko yana riƙe da ita, sai itacen ya mirgine, matakalar ta tafi gefe guda. Da kyar ya koma ciki da ita.

"Ba za ta ɗauke mu ba," in ji Gus. "Tsaya nan."

Ya juyo da motarsa da baya, ya kawo ta dab da ƙofar, suka zamo da ita kan katifa zuwa bayan motar. Awa biyu suka yi a hanyar tsakuwa kafin su kai asibiti.

Likitar da ta karɓe ta, wata mace mai furfura, ta fito ta sami Duane a baranda.

"Ƙodojinta sun kusa tsayawa. Jikinta babu ruwa sam. Yaushe rabon da ka ga ta sha ruwa?"

Kwana huɗu suna ɗaki guda, amma Duane bai sani ba.

Gus ne ya kira Marlys. Ta zo da kayan aikinta a jiki, ta wuce Duane kamar bango, ta shiga wajen ƙanwarta.

Washegari da hantsi Arlene ta dawo hayyacinta. Likitar ta zauna a bakin gadon, Marlys tana gefe ɗaya, Duane yana tsaye kusa da taga.

"Arlene, me ya hana ki shan ruwa a wannan zafi?"

Arlene ta ce, "Ina sha. Rabin kofi da safe, in haɗiye maganin ciwon gwiwa. Rabin kofi da yamma."

"Me ya sa rabi?"

"In na sha da yawa sai in buƙaci banɗaki. In na buƙaci banɗaki sai na sauka. Ni kuma ina tsoron saukar."

"Tun yaushe kike haka?"

"Duk tafiyar da muka yi bana."

Duane ya matso. "Haba Arlene! Wannan wane irin rashin hankali ne? Me ya hana ki gaya mini?"

A shekara arba'in da ɗaya na aurensu, babu wanda ya taɓa jin Arlene ta ɗaga murya. Ran nan har ma'aikatan da ke baranda sai da suka tsaya.

"Me ya hana ni gaya maka? Sau uku na gaya maka, Duane! Sau uku! Na farko ka ce tsoro ne. Na biyu ka ce sai ka sami lokaci. Ka sami lokacin sa fitila shida a goshin mota, wa kake haskawa? Na uku ka yi mini tsawa kamar karenka. Ka san abin da ya sa na yi maganar ran nan? Faɗuwa na yi! Kana kogi, na faɗo daga mataki na biyu, na yi rabin awa a kwance cikin ƙura, na rarrafa na koma ciki don kada ka dawo ka yi mini dariya. Sati uku cinyata tana baƙi ƙirin. Gado ɗaya muke kwana, ba ka gani ba!"

"Arlene, ni ban..."

"Rufe mini baki, ban gama ba! Ina zaune a wannan akwati ina gasuwa, harshena kamar tsumma, ga jarkar ruwa a gabana ina kallo. Kai kuma kana waje kana cewa gimbiya tana bene. Na ji ka. Duk na ji ka. Yayata ta zo har gida za ta gyara, ka zagi mijinta da ke kabari. Fita mini daga ɗaki!"

Likitar ta miƙe ta buɗe ƙofa. Duane ya fita.

Kuna tsammani ya gane? Bai gane ba tukuna. A wajen ajiye motoci, inda Gus ya kawo masa akori-kurarsa daga sansani, yana ta faɗa wa Gus cewa mata sun iya ƙara wa magana gishiri, matakala ai matakala ce.

Bai san Marlys tana bayansa ba.

Ta je motarta ta dawo da katako biyu da naɗin salatef mai ƙarfi, ta jefa su a gabansa.

"Tunda matakala matakala ce, miƙo ƙafarka ta hagu."

"Ke, ba na son hauka."

"Ai kai ne mai hawa gireda. Ko tsoro ne irin namu?"

Girman kai bai bar shi ya ƙi ba. Ya miƙa ƙafar. Ta ɗora katako ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje, ta naɗe tam yadda gwiwar ba za ta lanƙwasu ba sai kaɗan. Ta rataya matakalar, ta tura mata gungumen da ƙafa.

"Hau, ka sauko."

Hawan ma da jan ciki ya yi shi. Da ya juyo zai sauko, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Ya laluba hagu, ya laluba dama, babu abin dafawa. Ya sauke ƙafa mai lafiya a mataki na farko. Da ya janyo ɗayar sai matakalar ta karkata. Ya kai hannu ya kama iska, ya faɗo da kafaɗa a kan kwalta, hularsa ta yi gefe.

Babu wanda ya yi dariya. Gus ma kau da kai ya yi.

Marlys ta tsaya a kansa.

"Wannan sau ɗaya ke nan, da rana tsaka, a kan kwalta sumul, ga mutum biyu a kusa da kai. Ita sau biyu kullum, a kan duwatsu, ita kaɗai. Ka kwance katakona ka ajiye mini a mota."

Duane ya daɗe a zaune a ƙasa bai kwance ba.

Ƙodojin Arlene ba su farfaɗo ba. Aka ce sai wankin ƙoda, sau uku a mako, har iyakar rayuwarta. Da aka sallame ta, ta ce a kai ta gidan yayarta. Duane ya kawo mota bakin asibiti, ta wuce shi ta shiga ta Marlys.

Sati uku yana zaune shi kaɗai, yana cin wake na gwangwani. In ya shiga shago a gari, mutanen da suka saba yi masa dariyar gimbiya sai su gaishe shi a taƙaice su juya. Gus ya daina zuwa.

Wata Litinin da safe ya tsaya da motar a ƙofar shagon Marlys. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Marlys, maganar da na yi a kan Lyle, ban kyauta ba. Ki yafe mini. Na zo ki yi mini matakalar."

Ta ɗaga gilashin walda daga fuskarta ta dube shi.

"Ba zan yi maka ba. Kai za ka yi, ni in tsaya a kanka. Ɗauki tef ka auna."

Ya auna. Ta ce ya sake, don a kan gangare motar take. Ya gyara fakin ya sake aunawa. Ta sa shi ya yanka ƙarfe, ya goge bakinsa, ya riƙe mata tana walda. Duk abin da ya yi ba daidai ba sai ta jefar, ta ce ya sake. Ko sau ɗaya bai yi musu ba.

Suka yi ta mai hawa biyar, kowane mataki ya isa ƙafa biyu su tsaya. Suka sa mata ƙafafu masu ƙaruwa da raguwa, don ko ƙasa ba daidai take ba ta zauna daram. Suka sa ƙarfen dafawa daga bakin ƙofa har ƙasa, suka manna sabon kaushi a kan kowane mataki.

"Kafin kowace tafiya ka girgiza ta, ka duba kowace ƙusa," in ji Marlys. "In kun dawo ka wanke yashin da ya shiga gaɓoɓin, ka ɗiga musu mai. Kaushin nan in ya fara sulɓi ka canza shi, kada ka jira sai wani ya zame. Ka ji, ko in rubuta maka a goshi?"

"Na ji."

Da yammacin Talata suka gama. Marlys ta shiga gida ta fito da ƙanwarta. Arlene ta rame ƙwarai, ga bandeji a wuyanta inda ake sa mata robar wankin ƙoda. Ba ta gaida Duane ba.

Ta kama ƙarfen dafawa, ta hau ɗaya, biyu, har biyar. Ta juyo, ta sauko ita kaɗai, babu wanda ya taɓa ta. Matakalar ko motsi ba ta yi ba.

Duane yana tsaye yana murza hularsa.

"Ta yi miki?"

Arlene ta juya wajen yayarta.

"Marlys, kwana nawa kuka yi kuna wannan aiki?"

"Jiya muka fara."

Arlene ta shafa ƙarfen da hannunta. Sannan ta ɗago ta dubi mijinta ido cikin ido.

"Yini biyu, Duane," in ji ta. "Yini biyu kacal."

Ta juya ta koma cikin gidan yayarta, ta rufe ƙofa.

Darasi: In wanda ke tare da kai ya ce abu yana yi masa wuya, kada ka auna shi da ƙarfin jikinka. Ka saurara tun karo na farko, ka gyara tun gyaran yana ƙarami, ko da wanda ka raina ne ya nuna maka aibin. Mai haƙuri in ya daina magana, ba wai ya sami sauƙi ba ne, cutuwa yake a ɓoye. Ku tura wannan labari ga duk mai mata, ko miji, ko tsoho a gida, wataƙila yau wani ya tashi ya gyara abin da aka daɗe ana roƙonsa.